Yadda ake jiran hukuncin Kotun Ƙolin Amurka kan mallakar bindiga, da yadda ake karanta shi idan ya fito

Duk lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta karɓi shari'ar da ta shafi bindiga, surutu kan yi yawa tun kafin alƙalai su buɗe baki. Masu son a sakar wa jama'a mara su riƙe makami sai su fara murna, masu son a tsaurara doka kuma su shiga fargaba. Alhali daga ranar da kotu ta karɓi ƙara zuwa ranar hukunci ana iya shafe fiye da shekara guda. Wannan bayani mun yi shi ne domin ɗan jaridar da zai kai wa masu jin Hausa labarin, da ɗalibin shari'a, da kuma Bahaushen da ke zaune a Amurka wanda dokar za ta iya faɗawa kansa kai tsaye. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, muddin hukunci bai fito ba, tsohuwar doka tana nan daram, kuma ɗan sanda zai kama mutum da ita ko da saura kwana ɗaya kotu ta soke ta.

Nemo tambayar da kotu ta amince za ta amsa

Tushen rigimar gyara na biyu ne da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791. Jimla ɗaya ce mai kalmomi 27 a Turanci. Farkonta na magana kan buƙatar rundunar mayaƙan sa-kai mai tsari domin tsaron ƙasa, ƙarshenta na cewa ba za a tauye wa jama'a 'yancin ajiye makami da ɗaukarsa ba. Yadda za a haɗa farkon da ƙarshen shi ne abin da lauyoyi suka daɗe suna kai ruwa rana a kai.

To amma kotu ba ta zama ta amsa tambayar "shin bindiga halak ce ko haram?" Tana ɗaukar ƙaramar tambaya guda ne, kuma a rubuce take a shafin farko na takardar neman ɗaukaka ƙara. Wani lokaci ma alƙalan kan sake rubuta ta da kansu su ƙara taƙaita ta. Saboda haka ka shiga shafin kotun na intanet, supremecourt.gov, ka nemi shari'ar da lambarta. Kowace shari'a tana da lamba. Ga na manyan shari'o'in bindiga huɗu: ta Heller 07-290, ta McDonald 08-1521, ta Bruen 20-843, ta Rahimi 22-915. Da lambar za ka ga jerin duk takardun da aka shigar, da ranakunsu, kyauta. Ka kwafe tambayar a takarda ka ajiye. Ranar hukunci ita ce ma'auninka.

Dubi yadda waɗannan huɗun suka bambanta. A Heller, wadda aka yanke ranar 26 ga Yunin 2008 da ƙuri'a 5 da 4, magana ce ta dokar birnin Washinton da ta hana ajiye ƙaramar bindiga ta hannu a cikin gida. Kotu ta ce 'yancin na mutum ne shi kaɗai, ba sai yana cikin wata runduna ba. Sai dai Washinton yanki ne na gwamnatin tarayya, don haka jihohi ba su shiga ciki ba sai bayan shekara biyu, a shari'ar McDonald da birnin Shikago ranar 28 ga Yunin 2010. Fita da bindiga waje kuwa ba a taɓa shi ba sai a Bruen, ranar 23 ga Yunin 2022, lokacin da alƙalai shida cikin tara suka soke sharaɗin jihar Niyok da ke cewa sai mutum ya nuna wani dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da bindiga. Shekara 14 ke nan daga ɗaki zuwa bakin titi. Wanda ya ɗauka hukuncin 2008 ya ba shi damar fita da makami a lokacin, ya jefa kansa cikin laifi.

Akwai kuma wani rarrabewa da ake yawan tsallakewa. Ba kowace shari'ar bindiga ce ta tsarin mulki ba. A shari'ar Cargill ta Yunin 2024, tambayar ita ce ko wani ƙarfe da ake ɗaura wa gindin bindiga don ta riƙa sakin harsashi da sauri ya shiga ma'anar bindiga mai sarrafa kanta a dokar da majalisa ta rubuta. Kotu ta ce bai shiga ba. A ta VanDerStok ta Maris ɗin 2025, kotu ta yarda hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi a gwamnatin tarayya, na da ikon sa ido kan sassan bindiga da ake sayarwa a kwali mutum ya harhaɗa a gida. Waɗannan fassarar doka ce, majalisa na iya zama gobe ta canza lafazin dokar, magana ta canza. Hukuncin tsarin mulki kuwa majalisa ba ta iya goge shi da doka ta yau da kullum.

Kalandar kotun

Zangon shari'a na farawa ne ranar Litinin ta farko a Oktoba. Dubban ƙararraki ke zuwa duk shekara, waɗanda ake saurara a 'yan shekarun nan kusan 60 ne. Alƙalai huɗu suka isa a karɓi ƙara, amma hukunci sai da biyar. Idan kotu ta ƙi karɓar ƙara, ba ta ce hukuncin kotun ƙasa daidai ne ba, ta dai bar shi yana aiki a yankin wannan kotun. A Yunin 2025 ta ƙi sauraron ƙarar da ke ƙalubalantar dokar jihar Maryland ta hana bindigogi samfurin AR-15. Daidai ne a ce dokar ta ci gaba da aiki. Kuskure ne a ce Kotun Ƙoli ta amince da ita.

Ana sauraron lauyoyi daga Oktoba zuwa Afrilu, a zama bakwai na mako bibbiyu. Tun Mayun 2020 ana watsa sautin zaman kai tsaye, rubutaccen abin da aka faɗa kuma yakan hau shafin kotu a ranar. Ka karanta shi, amma kada ka gina labari a kansa. Alƙali kan matsa wa lauyan da yake shirin bai wa gaskiya da tambayoyi masu zafi don ya gwada ƙarfin hujjarsa, kuma sau da yawa tambayar saƙo ce ga abokan aikinsa da ke zaune kusa da shi. Abin da ya fi amfani a lura da shi shi ne inda alƙalan tsakiya suka daɗe suna juya magana, domin galibi nan iyakar hukuncin za ta tsaya. A zaman Bruen an daɗe ana tambaya kan jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, da filayen wasa, da jami'o'i, kuma batun wuraren da za a iya hana shiga da makami shi ya zama babbar rigima bayan hukuncin.

Kwanaki kaɗan bayan sauraro alƙalan tara kan shiga ɗaki su kaɗai, ba magatakarda ba mataimaki, su kaɗa ƙuri'ar farko. Idan Alƙalin Alƙalai yana cikin masu rinjaye shi zai zaɓi wanda zai rubuta hukunci, in ba ya ciki sai wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya zaɓa. Daga nan sai daftari ya yi ta zagayawa tsakanin ofisoshi, masu saɓani su rubuta martani, mai rubuta hukunci ya gyara nasa don ya amsa musu ko don kada wani ya zame masa. Alƙali na da damar sauya ƙuri'arsa har zuwa lokacin sanarwa. Wannan kai-komon ne ke cin watanni. Heller ta ɗauki kwana 100 daga sauraro zuwa hukunci. Bruen an saurare ta ranar 3 ga Nuwamban 2021, sai da aka haura wata bakwai. Rahimi ma haka, daga 7 ga Nuwamban 2023 zuwa 21 ga Yunin 2024. Huɗun nan duka a goman ƙarshe na Yuni suka fito. Jinkiri ba ya nuna wanda zai yi nasara, yana nuna cewa alƙalai da yawa na rubuta nasu ra'ayin.

Masu bin kotun na da wata dabara ta hasashe. A al'ada ana raba aikin rubutu daidai-wa-daida, kowane alƙali ya samu aƙalla shari'a ɗaya daga kowane zama. Idan shari'o'in Nuwamba sun fito duka saura ɗaya, kuma alƙali ɗaya ne bai rubuta komai daga wannan zaman ba, mai yiwuwa tana hannunsa. Ka zana jadawali, sunayen alƙalai a gefe, watanni a sama, ka riƙa cikewa. Dabarar takan ci, amma takan faɗi idan wanda aka ba rubutun ya rasa rinjaye a hanya, don haka kada ka sanar da ita kamar tabbas.

Shari'a na iya mutuwa kafin a kai ga hukunci. A Disamban 2019 kotu ta saurari ƙara kan ƙa'idar birnin Niyok da ta hana masu lasisi kai bindigarsu wajen gari. Kafin nan birnin da jihar sun riga sun sauya dokar, sai a ranar 27 ga Afrilun 2020 kotu ta ce babu sauran abin yanke hukunci a kai. Waɗanda suka zuba ido sun yi jiran gawon shanu. Saboda haka ka riƙa leƙa abin da majalisar jihar da ake ƙara ke yi, ba kotu kaɗai ba.

Safiyar hukunci

Kotu ba ta faɗin shari'ar da za ta fito a wace rana. Ranar kawai take sanarwa a kalandar shafinta, kuma a Yuni takan ƙara wasu ranaku. Ana farawa da ƙarfe 10 na safe agogon Washinton. A Yuni wannan shi ne ƙarfe 3 na rana a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ƙarfe 2 a Ghana, ƙarfe 4 a Sudan. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Maris Amurka na mayar da agogonta baya, sai ka ƙara awa ɗaya a kan waɗannan.

Ana sakin hukunce-hukunce ɗaya bayan ɗaya, daga alƙalin da ya fi zama sabo zuwa wanda ya fi daɗewa, Alƙalin Alƙalai a ƙarshe. A jerin yanzu Jackson ce farko, sai Barrett, Kavanaugh, Gorsuch, Kagan, Sotomayor, Alito, Thomas, sannan Roberts. Idan hukuncin farko na ranar na Alito ne, ka san sauran na ranar daga shi ne ko Thomas ko Roberts. Ba a watsa sautin sanarwar kai tsaye. Takardar ce ke hawa shafin kotu, shafin SCOTUSblog mai bin harkokin kotun kuma na bayar da rahoto a rubuce minti bayan minti.

Karatun takardar

A nan ne gizo ke saƙar. A Yunin 2012 manyan tashoshin talabijin biyu na Amurka sun sanar cewa kotu ta soke ginshiƙin dokar inshorar lafiya ta Obama, saboda sun karanta shafukan farko sun ruga. Da aka ci gaba da karatu sai aka ga kotun ta tabbatar da ita ne ta wata hanyar. Minti goma na haƙuri da sun tsira daga wannan.

Shafukan farko taƙaitawa ce da wani jami'in kotu ke shiryawa, kuma an rubuta a samanta cewa ba ta cikin hukunci. Ka fara da ita, amma ka wuce kai tsaye zuwa sakin layinta na ƙarshe. Nan ake lissafa wanda ya rubuta, da waɗanda suka sa hannu, da wanda ya goyi baya da nasa dalilin, da wanda ya saɓa. Ka ƙirga hannu biyar a kan kowane sashe. Sashen da bai samu biyar ba ra'ayi ne, bai zama dokar da ta ɗaure ƙananan kotuna ba. A McDonald alƙalai biyar sun yarda 'yancin ya hau kan jihohi, amma huɗu ne suka bi hanyar da Alito ya bi, Thomas ya isa wurin ta wani sashe dabam na gyara na 14 na tsarin mulki.

Bayan haka ka duba layin ƙarshe na ra'ayin masu rinjaye. Ɗaya daga cikin abu uku za ka gani: an tabbatar da hukuncin kotun ƙasa, ko an juya shi, ko an share shi an mayar da shari'ar a sake dubawa. Kalmar ba ta da ma'ana sai ka san abin da kotun ƙasa ta yi. A Bruen kotun ƙasa ta goyi bayan dokar Niyok, juya hukuncinta ya kashe dokar. A Rahimi kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na biyar ce ta soke dokar tarayya da ke hana bindiga ga mutumin da kotu ta ba umarnin nisantar matarsa ko abokiyar zamansa saboda barazana, juya hukuncinta da ƙuri'a 8 da 1 sai ya raya dokar. Kalma ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna.

Sai ka nemi ma'aunin da kotu ta kafa, domin shi ne zai yi aiki a ɗaruruwan shari'o'in da ke tafe. Kafin 2022 ƙananan kotuna kan auna amfanin doka ga tsaron jama'a da nauyin da ta ɗora wa mai bindiga. Bruen ta jefar da wannan sikelin. Ta ce idan abin da mutum ke son yi ya shiga lafazin gyara na biyu, wajibi ne gwamnati ta nuna dokarta ta dace da irin dokokin makami da ƙasar ta saba da su a tarihi. Nan take alƙalai suka koma tonon dokokin shekarun 1700 da 1800, kowa na fito da amsarsa. A Rahimi sai Roberts ya sassauta, ya ce ba sai an samo tsohuwar doka mai kama da ta yau sak ba, ya isa a nuna manufa da salon hanin sun yi daidai da na da. Ya kafa hujja da tsofaffin dokokin da ke sa wanda ake tsoron zai ta da fitina ya ajiye jingina, da masu hukunta wanda ke yawo da makami yana firgita mutane. Thomas, wanda ya rubuta Bruen, shi kaɗai ya saɓa. A ganinmu wannan ya isa ya nuna cewa alƙalan ba su gama daidaita ma'aunin a tsakaninsu ba, kuma duk hukuncin da ke tafe sai an karanta shi da wannan a zuciya.

Kada ka tsallake ra'ayoyin goyon baya. Takardar Rahimi ta haura shafi 100, amma ra'ayin masu rinjaye bai kai shafi 20 ba, saura duk na ɗaiɗaikun alƙalai ne. A Bruen, Kavanaugh ya rubuta 'yan shafuka, Roberts ya sa hannu, inda suka ce jihohi na da damar ci gaba da neman lasisi, da ɗaukar zanen yatsa, da binciken tarihin mutum, da horo. Ba tare da su biyun ba babu rinjaye, saboda haka maganarsu ce ta shata iyakar hukuncin. Haka a Heller, alƙali Scalia, mai rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya rubuta cewa hukuncin bai taɓa dokokin hana masu manyan laifuka da masu taɓin hankali riƙe bindiga ba, ko hana shiga da ita makarantu da gine-ginen gwamnati. Ka nemi irin wannan sakin layin na "abin da ba mu ce ba", ka sa shi a labarinka kusa da kanun.

Ga mai kai labari gida, ya kamata a faɗa wa masu sauraro a fili cewa wannan hukunci na Amurka ne kawai. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, riƙe bindiga sai da lasisin hukuma, kuma tsarin mulkin ƙasar bai ba kowa 'yancin mallakarta ba. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, labarin da aka bari a dunƙule na iya sa wani ya ɗauka an yi wani sauyi da ya shafe shi.

Bayan hukunci, musamman ga mazauna Amurka

Tsugune ba ta ƙare ba ranar da takarda ta fito. Umarnin kotu a hukumance kan isa kotun ƙasa bayan kusan wata guda. Ƙararrakin da aka jingine ana jira kuma sai a mayar da su ƙasa: mako guda bayan Bruen kotu ta mayar da shari'o'i daga Maryland da Kalifoniya da Hawaii a sake dubawa, dokokin da ake ƙara a kansu ba su faɗi a ranar ba. Jihohi ma na mayar da martani da sauri. Kwana takwas bayan Bruen, ranar 1 ga Yulin 2022, gwamnar Niyok Kathy Hochul ta sa hannu kan sabuwar doka da ta fara aiki ranar 1 ga Satumba. Ta wajabta horo na awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi, ta kuma hana shiga da bindiga wurare da yawa, ciki har da jiragen ƙasa da motocin haya na gwamnati da dandalin Times Square. Aka sake komawa kotu, a Janairun 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi dakatar da dokar yayin da ake shari'ar.

Don haka kada ka riga malam masallaci. Ka jira ofishin da ke bayar da lasisi a garinka ya fitar da sanarwarsa a rubuce, ka nemi lasisin ta hanyar da ya shimfiɗa, ka ajiye kwafin duk abin da ka miƙa. Lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba. Niyok ba ta karɓar na kowace jiha, birnin Niyok kuma na da nasa dabam da na sauran jihar, abin da ya kamata 'yan'uwa mazauna yankin Bronx na birnin su sani kafin su saurari shawarar wani da ke zaune a Teksas.

Matsayin takardun zama ya fi komai muhimmanci ga baƙo. Sashe na 922(g) na dokar tarayya ya lissafa waɗanda ba su da damar riƙe bindiga ko harsashi. Cikinsu akwai wanda aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara ɗaya a kurkuku, da mai amfani da haramtattun ƙwayoyi, da wanda aka samu da laifin dukan iyali, da wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ya shigo da bizar wucin gadi kamar ta karatu ko ta ziyara, sai 'yan togaciya kaɗan irin mai lasisin farauta na jiha. Tun 2022 hukuncin karya wannan sashe na iya kai shekara 15. Mai katin zama na dindindin na iya sayen bindiga a dokar tarayya, amma idan aka same shi da laifin makami ana iya korarsa daga ƙasar ko da ya shekara 20 a cikinta. A shagon bindiga za a ba ka fom mai lamba 4473, a tura sunanka hukumar FBI ta bincika. Yin ƙarya a fom ɗin babban laifi ne shi kansa, haka ma saya wa wani da sunanka. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya ga lauyan shige da fice kafin ya taka ƙofar shagon, ya tafi masa da fasfo, da takardar biza ko katin zama, da duk wata takardar kotu da ta taɓa ɗauke da sunansa.